Horon Sabon Inji a Hanyar Kurfi

"Lahiya lau na kwana, ba don ka damu ba. Kashe wanga abu mu ji da kunnuwanmu."

"Ina gajiya, amarya?"

"Gajiya tana nan inda ka bar ta. Na ce kashe shi, magana gare ni."

Inna Kande ce tsaye a bakin ɗakinta a Karofi, ta riga ta yafa mayafin unguwa tun rana ba ta yi zafi ba. Wanda take yi wa faɗan jikanta ne Ɗayyabu, yana tsugune gaban sabon babur ɗin da ya saya da waken da ya ɓoye tun kaka. Babur ɗin yana tsakar gida yana ƙugi a hankali, ko ledar kujera ba a cire masa ba. Garba bakanike, wanda ya fasa kwali ya haɗa shi a Dutsin-Ma, ya kafa sharaɗi cewa sabon inji sai an hore shi. Ba gudu, ba kaya mai nauyi, in ya ɗauki zafi a tsaya ya huce, har sai an yi juyen baƙin mai na farko. Ya ma ɗiga jan fenti a gilashin mita, ya ce ranar da allura ta wuce nan kada a zo masa da kuka. Ɗayyabu kuwa ya riƙe maganar nan fiye da yadda ya riƙe karatun allo, don da babur ɗin zai fara kabu-kabu, kuma ba shi da wani waken da zai sayar.

Abin da ya hana Inna zama waya ce da aka bugo da safe daga Kurfi. Basma, ƙanwar Ɗayyabu, ta sauka lafiya, an samu mace bayan maza biyu. Mijinta Naziru ya faɗa da murna cewa mahaifinsa, Malam Mas'ud, zai yi wa jaririya huɗuba in an idar da azahar, kuma sunan Inna za a sa mata. Kowa ya ɗauka daɗi ne ya tayar da tsohuwa. Ita kuwa ba sunanta take so ba. Sunan 'yarta ta fari take so a mayar, uwar su Ɗayyabu, wadda ta rasu tun Basma na goye, kuma har yau ba wanda ya tuna ya maido da sunan cikin dangi. Matsalar ita ce Inna ba ta taɓa furta sunan nan ba, don kunyar 'yar fari. Kuma roƙo irin wannan ba a aika wa suruki malami ta waya. In aka riga aka yi huɗuba, magana ta ƙare.

"Tashi ka kai ni Kurfi."

"A kan mi?"

"A kan wuyanka in ka ga dama."

"Inna, wannan jariri ne, ko arba'in bai yi ba. Ina kika taɓa ganin an ɗora wa jariri tsohuwa?"

"Jariri mai ƙugi kamar injin niƙa? Tun da ya shigo gidan nan kajina suka daina ƙwai."

"Kajinki sun daina ƙwai tun ranar da kika hwara cinye dawarsu. Tahi tasha ki shiga mota."

"In zauna ina jiran ta cika? Yau ba kasuwa ba. Direba zai ta shan rake ina kallonshi har la'asar. Kuma da kai nake son zuwa."

"Ashe dai ana son mu."

"So nake mutanen Kurfi su ga irin mijin da Allah ya jarabce ni da shi, su taya ni addu'a."

Ta shige ɗaki ta fito, ta sake shiga ta sake fitowa. Kafin Ɗayyabu ya ɗaura takalmi ta tara masa ƙullin kanwa, da daddawa, da rabin buhun gero, da wani zakara mai ƙafa a ɗaure yana ta zare ido.

"Ko ke ko kaya. Zaɓi ɗaya."

"Ni nawa nake? Ni da iska ke ɗauka in na hita ba mayahi."

"Ƙashi ya hi tsoka nauyi, ke kau duk ƙashi ce. Gero ya zauna, zakara ya zauna."

"In je wa mai jego hannu biyu?"

"Ki je mata da bakinki, ya ishe ta har yaye."

Da wata rana ce da sai sun kai hantsi suna wannan ciniki. Amma yau Inna ta dubi inuwar katanga, ta kwance zakara ta sake shi, ta rungumi kanwa da daddawa ta haye bayan babur. Ɗayyabu ya ɗan yi mamakin saurin saukowarta, sai dai hankalinsa na kan allura.

Suka kama hanya. In dai wannan tafiya ce, to jaki ma matuƙi ne. Ledar kujera sai zamewa take yi da Inna, tana gyara zama tana tsaki. Ba su yi nisa ba wani dattijo mai keke ɗauke da damin ciyawa ya cim masu, ya jera da su, ya gaishe su a tsanake, ya tambayi mutanen gida da zafin bana, sannan ya yi masu sai an jima ya wuce.

"Ka gani ko? Har da tambayar iyali. Da ya ƙara minti guda da sai ya nemi aurena."

"Da na bar mashi ke, in ƙara mashi da daddawa."

"Murɗa wanga abu, Ɗayyabu."

"Kin ga jan ɗigon nan? Nan ne iyaka."

"Wa ya ɗiga shi?"

"Garba."

"Garban da na sani yana yawo da majina? Shi ne yau yake kahwa wa mutane doka? Ni da ƙahwata na sha zuwa Kurfi da turmi a ka, in dawo tuwon da na bari bai huce ba."

"Tuwonki ai ba ya hucewa, don ba mai iya taɓa shi. Ƙudaje ma kewaye shi suke yi."

"Da shi ka yi wannan ƙaton kan."

"Shi ya sa kan bai da komai."

Suka ratsa Dutsin-Ma, suka ɗauki hanyar Kurfi. Suna fita gari Ɗayyabu ya gangara gefen titi ya kashe inji. Ya lashi yatsa ya taɓa jikinsa, ya ji cau, ya girgiza kai kamar likita ya duba mai zazzaɓi.

"Mi kuma?"

"Ya ɗau zahi. Sai ya huce."

"Ga buta can gun mai hwaci, bari in kwara mashi ruwa."

"Ki kwara mashi ruwa ya tsage? Ke da kike shan shayi da zahi, in aka ɗura maki ƙanƙara a kai haƙorin nan naki guda zai rayu?"

"Haƙorina guda ya hi naka talatin aiki. Kakanka bijimai ya hora, ba ƙarhe ba. Ran hwarko yake ɗaura masu garma, kuma ba su taɓa cewa sun ɗau zahi ba."

"Shi ya sa ya ƙare da ɗingishi."

"Ɗingishinshi ya hi gudunka."

Tana maganar tana zagaya babur. Ta zauna a kan wani dutse, ta tashi. Ta kwance ƙullin kanwa, ta sake ɗaurewa. Ta ɗaga mayafi tana yi wa inji fifita, wai ko zai huce da wuri, kuma duk bayan numfashi sai ta dubi ƙasa ta ga inuwarta na ƙara shigewa ƙarƙashin ƙafafunta. Tsoronta kada ta isa a tarbe ta da albishir ɗin da ba ta so. Sau biyu tana buɗe baki za ta faɗa wa yaron gaskiya, sau biyu zagi ne ke fitowa a madadinta.

"Malalacin miji. Wanda ya ba ka kuɗin wake ya cuci wake."

"Hau mu tahi, kada ki hihhita shi ya kamu da mura."

Suka ci gaba, allura na lilo ƙasa da jan ɗigo kamar mai jin kunyarsa. Zafin bazara ya buɗe sosai, kwalta na walƙiya. Motoci na wuce su, masu babura na wuce su, har wani yaro ya ɗaga masu hannu daga kan lodin itace. Inna ta daina lissafin masu wucewa, ta koma dukan bayan Ɗayyabu da ƙullin daddawa duk lokacin da ya rage wuta. Da suka iso wata babbar tsamiya a bakin hanya, ya sake gangarawa ya kashe.

"Ba dai kuma ba."

"Wannan ne na ƙarshe."

"Na ƙarshen rayuwata. Dubi rana, Ɗayyabu. Dubi inda take."

"Rana tana inda Allah ya ajiye ta. Wai duk wannan rawar jiki don an ce za a yi maki takwara? Kande guda ma ya muka ƙare da ita, balle biyu. Allah dai ya ji ƙan mutanen Kurfi. Ki kwantar da hankalinki, ko gobe muka isa sunanki na nan, ba mai ƙwace shi. Wa ma zai so?"

Ya ɗago daga gaban inji ya ga ta juya masa baya tana kallon gonakin da ba a share ba.

"Amarya, an yi hushi?"

"Ba na so."

"Mi ne ba ki so?"

"Sunan. Mi za a yi da nawa? Ina nan da raina, kullum ana kiran shi har ya gaji. Akwai wanda ba a kira ba tun kana yawo ba wando."

"Na wa?"

"Kai dai ba ka da kai, na hwaɗa tun ɗazu. Na yarinyar nan. Wadda ta bar mani ku."

Ɗayyabu ya miƙe tsaye a hankali. Ya san abin da Inna ke kiran mahaifiyarsa ke nan, yarinyar nan, tun tana raye har bayan ranta. Kunya ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai sa hannunsa. Shi da ya kamata ya fara tunawa, ga shi yana lasar yatsa yana taɓa ƙarfe.

"Mi ya hana ki hwaɗi tun a gida?"

"Da wane bakin? Na ce in mun je kai ka yi wa Malam magana, ni in tsaya bayanka. Amma in ya riga ya raɗa mata nawa a kunne, shi ke nan, sai in yi godiya in dawo. Kuma ban san ko zan ga wata ɗiya mace a gidanku ba."

Ya dubi jan ɗigon da ke gilashin mita. Yana son babur ɗin nan, ba ƙarya, so irin na wanda bai taɓa mallakar sabon abu ba, ko riga. Ya tuna waken da ya hana kansa sayarwa lokacin da gida ke bukata, ya tuna fuskar Garba. Inji kuwa ko rabin hucewa bai yi ba. Ya taka shi ya tashi.

"Hau. Ki riƙe ni da kyau, ni ɗin, ba rigar ba."

Allura ta taɓa jan ɗigo, ta haye shi, ta ci gaba da hawa. Mayafin Inna ya cika da iska, ledar kujera ta yage ta bi bayansu.

"Ɗayyabu, kashe ni za ka yi?"

"Ke kika ce iska na ɗaukar ki. Yau za mu ga gaskiya."

"Na ce ka yi sauri, ban ce ka kai ni lahira ba. Rami, ga rami nan."

"Na gan shi. Ruhe ido."

"In ruhe ido in bar ka da raina? Jaririn naka hwa?"

"Yau aka yaye shi."

"Garba zai ci mutuncinka."

"Garban da kika sani da majina?"

Ta so ta yi dariya, iska ta mayar mata da ita ciki. Daga nan ta koma salati, ta kifa goshi a bayansa. Shi kuma yana jin ƙarar inji ta sauya, ta yi kauri, zafi na dukan ƙafafunsa ta cikin wando. Kowace murɗa sai ya ji kamar a jikinsa ake yi, amma bai sassauta ba har rufin gidajen Kurfi ya bayyana.

Sun tarar an riga an idar da salla, mutane na fitowa daga masallacin ƙofar gidan Malam Mas'ud suna neman takalma. Ɗayyabu ya tsaya, babur na ƙauri yana ƙas-ƙas shi kaɗai. Malam, dattijo ne fari mai nauyin ji, ya sa ƙafa ɗaya a zaure ke nan, ya aika Naziru ciki ya ɗauko jaririya. Inna ta sauko, ta durƙusa daga gefe. Sai da aka yi gaisuwa cikakkiya, ta hanya da ta gida da ta zafi da barka da arziki, ita kuwa tana amsawa tana leƙen ƙofar cikin gida.

"Kin zo a daidai, Hajiya," in ji Malam. "Yanzu za mu yi wa takwararki huɗuba."

Inna ta zunguri Ɗayyabu da ƙullin kanwa.

"Allah gafarta Malam, Inna ce ke neman alfarma. Ta gode da karamci ƙwarai. Amma ta ce in da hali, a mayar da sunan mahaihiyarmu, ni da Basma."

"Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta. Ai wannan ba abin roƙo ba ne, mu ne ba mu yi tunani ba. Ya sunan marigayiyar?"

Ɗayyabu ya buɗe baki. Sunan na nan, ya san shi kamar yadda ya san nasa, amma shi ma rabonsa da furta shi tun yana yaro, ya kasa faɗa. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a tabarmar zaure. Malam na jira da hannu a bayan kunne. Ga takun Naziru yana tahowa daga ciki.

"Zaituna," in ji Inna daga cikin mayafi, da wata 'yar murya da ba a san ta da ita ba.

"Na'am? A ɗaga murya, kunnen ya tsufa."

Inna ta yaye mayafin daga bakinta, ta dubi Malam ido da ido.

"Zaituna. Sunanta Zaituna. Ɗiyata ce ta hwari."

Naziru ya shigo da jaririya naɗe a zani, ya ji abin da ake ciki, ya ce wallahi ya fi kowa murna. Malam ya karɓe ta, ya yi bisimilla ya kai bakinsa kunnenta.

Can bayan an shiga da Inna wurin mai jego, ta fito ta tarar da Ɗayyabu tsugune a inuwar katanga. Ya tayar da inji yana saurare, kansa a karkace. Akwai wata 'yar ƙara siririya a ciki wadda babu ita da safe.

"Ya mutu?"

"Bai mutu ba. Ya dai koyi tari irin naki."

"To ai zai daɗe ke nan." Ta tsuguna kusa da shi. "Zai gyaru?"

"Zai gyaru. In bai gyaru ba in sayar da ke in sayi wani."

"Wa zai saya?"

"Mai keken nan ya nuna sha'awa." Ya kashe inji ya dube ta. "Ashe kin san sunan, tsohuwa. Shekara da shekaru kina yi mana rowar shi."

"Ni na ji zahin haihuwarta, ya zan kasa sani? Ka san wani abin haushi? Yanzu a ciki har sun hwara ce mata Ummi. Basma ba ta iya kiran sunan uwarta, kai ma na ga irin taka bajintar gaban Malam. Wato na sha wannan iska a banza, a sake ɓoye shi."

"To ya za a yi? Haka aka saba."

"Ku kuka saba. Ni da sunanta zan kira ta, sahe da yamma, a gaban kowa."

"Ba kunya?"

"Na yi kunyar, har ta tahi ban kira ta ko sau ɗaya ba. Ta ishe ni."

Ɗayyabu ya yi dariya yana goge ido da bayan hannu. "Na sallama, amarya. Yau kin kā da ni."

Inna ta kwance bakin zani ta ciro goro guda, ta ɓare, ta dubi ɓarin biyu, ta miƙa masa babban.

"Ungo. Tashi ka wanke wanga baƙin hannu ka shigo. Zaituna ta buɗe ido."